Zaƙin da Gwaggo Talatu Ta Sani

Ku 'yan sitaj masu koyon aiki, ina ganin yadda kuke yi da safe in an ce wa za ta zauna a ɗakin awon sukari. Kowa sai ta ɗaga hannu, don a ganinku wurin hutu ne: a soki yatsa, a dama ruwa a kofi, a miƙa wa mai ciki, a koma ana latsa waya. Jiya ma na ji wata a cikinku, ba zan kama suna ba amma ta san kanta, tana cewa ai wannan aiki ko mai shayin bakin kasuwa zai iya. To ku ja benci ku zauna. Na fi shekara talatin ina karɓar haihuwa a garin nan na Njamena, na ɗinka, na tsayar da jini, na fito da ɗan da ya zo ta ƙafa, amma har yau ba na ɗaukar kofin nan sai da bismilla a bakina.

Ni 'yar unguwar Bololo ce. Kakana ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka a ƙafa, ya yada zango a nan don ya ɗan huta, hutun da har yau ba mu gama ba. A gida Hausa muke yi, a kasuwa Larabci, a makaranta Faransanci. Shi ya sa tun ina sabuwa a aiki, in Bahaushiya ta shigo asibiti ta tsaya tana rarraba ido, sai ka ji an ce a kira Zainabu. Ni ce bakin likita, ni ce kunnen mai ciki.

Wadda ta koya mini aiki ana ce mata Madam Marta, mutuniyar kudu ce, doguwa, ba ta dariya sai da dalili. Kayan aikinta ba su cika aljihu ba: ƙahon katako na sauraren bugun zuciyar ɗa, igiyar awo irin ta tela, sai tafin hannunta. Na tuna ranar da ta fara sa ni auna ciki. Matar ta ce watanta bakwai, igiya kuwa ta nuna kamar ta kusa haihuwa. Na yi murmushi na ce masha Allah, za a sami ƙato. Madam Marta ta harare ni, ta ja ni gefe ta ce, "Ke ma 'yar biki ce? Bar wa dangi guɗa. Naki shi ne ki tambaya, me ya ƙosar da shi haka?" A lokacin ba mu da ɗan mashin ɗin awon sukarin nan da kuke wasa da shi. Fitsari muke dubawa, shi kuwa fitsarin mai ciki maƙaryaci ne, yakan nuna sukari ga wadda ba ta da shi, ya ɓoye na wadda ya kama. Da mashin ya zo da tsinkayen takardarsa, Madam Marta ta riga ta yi ritaya. Ta zo ta gani, ta juya shi a hannu ta ce da ta same shi tun farko, da akwai kaburbura da yawa da ba a haƙa ba.

Ciwon sukarin ciki ba ya sallama. Cikin ne ke kawo shi, kuma mafi yawan lokuta haihuwa ke tafiya da shi, ko da yake wasu yakan dawo musu bayan shekaru ya zauna. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai. Ƙishirwa ce da yawan fitsari da gajiya, to wace mai ciki ce a zafin Njamena ba ta da waɗannan? Don haka ba a jiran ta yi ƙorafi. Wadda ta manyanta, wadda ke da jiki, wadda uwarta ko ubanta ke da ciwon, wadda ta taɓa haihuwar ƙaton ɗa ko ɗa ba rai, waɗannan tun zuwan farko ake sa musu ido. In ciki ya kai wata shida zuwa bakwai sai a ce ta zo da safe ba ci ba sha, a ɗebi jini, a ba ta ruwan sukari mai kauri ta shanye, ta zauna ba yawo, a sake ɗiba, a kuma sake. Ana so ne a ga ko jikinta na iya sarrafa abin da aka ba shi. Kuma ku riƙa tambaya da kyau. Sau nawa mace za ta rantse mini ba ta ci komai ba, in na matsa sai ta ce, "Shayi kawai na sha, Madam, ai shayi ba abinci ba ne." Shayin garin nan kuwa kun san shi, cokali yana iya tsayuwa a ciki.

Wannan duk yana cikin littattafanku. Abin da ba ya ciki shi ne kalmar zaƙi. A wurin iyayenmu mata, zaƙi ba ɗanɗano kaɗai ba ne. Wani abu ne da suka ce yana taruwa a marar mai ciki in ta cika shan kayan daɗi, ya yi yauƙi ya tare hanya, naƙuda ta yi tsawo, ɗa ya wahala. Shi ya sa in ciki ya tsufa ake hana ta sukari da zuma da rake, a dafa mata saiwoyi masu ɗaci ta yi ta sha, wai maganin zaƙi. Ni ma an ba ni a cikin fari, na sha ina yamutsa fuska. To ku ɗauki wannan ku ajiye kusa da kofin da muke damawa, ku ji labarin Rabi.

Rabi daga unguwar Farcha take zuwa, mijinta Malam Idi mahauci ne a mayanka. Ta haura talatin, mai jiki ce, mai sanyin magana, in za ta yi dariya sai ta rufe baki da gefen mayafi. Ta daɗe da aure ba haihuwa. Da Allah ya ba ta na fari, ya zo a gida, ƙato, ba rai. Aka ce zaƙi ne ya tare shi. Ta sake jira shekaru kafin wannan cikin ya samu. Ranar da na fara sa mata ƙaho, na ce ga shi nan yana bugawa, ta kama hannuna ta ce, "Madam, don Allah ki ƙara saurara." Na ƙara. Ta ce mahaifinta ciwon sukari ne ya yi ajalinsa. Na auna ciki, igiya ta wuce watanni. Duk alamun da Madam Marta ta koya mini sun taru a jikin mace ɗaya.

Ba ita kaɗai take zuwa ba. Kullum tare suke da Gwaggo Talatu, ƙanwar mahaifinta, wadda ta raine ta tun tana goye bayan rasuwar uwarta. Gwaggo ungozoma ce ta gargajiya, daga wajen Katsina ta zo da tsufanta don ta zauna da Rabi. Kada ku ɗauka jahila ce. Hannunta ya san aiki, ta karɓi 'ya'yan da ba ta san iyakarsu ba, kuma ita da kanta ta ce a zo asibiti, don ba ta son a maimaita na farko. Tana da fara'a, tana da baki. In ta zo takan zauna a ƙarƙashin bishiyar maina tana ba matasan mata shawarar da ba su tambaya ba.

Ranar awon, na yi wa Rabi bayani, na ɗebi jinin farko, na dama na miƙa mata. Tana cikin sha, tana runtse ido don abin yana tayar da zuciya, sai ga Gwaggo ta leƙo ta kawo mata mafici. Ta tsaya. Ta karɓi kofin da ya rage ɗan guntu, ta dangwala da yatsa ta lasa.

Ta ce, "La'ilaha illallahu. Madam, me kika ba ta?"

Na ce, "Ruwan sukari ne, Gwaggo, na awo. Da shi za mu gane ko jikinta..."

Ta katse ni. "Wata biyu ina tsare yarinyar nan, ko rake ban bar ta ta tsotsa ba. Na kawo ta labtan, asibitin nan naku, don a taimake ni, sai a ɗura mata kwano guda rana ɗaya?"

Na lallashe ta, ta koma waje tana salati. Rabi ta zauna har aka gama. Sakamako ya fito, sukari ya hau sosai. Likita ya ce a gyara mata cin abinci, ta riƙa zuwa ana dubawa, in bai sauka ba a sa ta a kan allura, kuma haihuwa dole a asibiti. Na kira su biyun na fassara, kalma bayan kalma. Gwaggo ta saurara har na kai aya, sannan ta gyara zama.

Ta ce, "To 'yata, bari in tambaye ki. Kafin ta sha, kin auna?"

Na ce na auna, ya ɗan ɗaga.

"Bayan ta sha fa?"

Na ce ya ɗaga ƙwarai.

Ta tafa hannu. "Kalas, magana ta ƙare! Ke kika zuba da hannunki, kika auna, kika ce kin samu. Ko ni in na zuba gishiri a miya ai zan ji gishiri."

Wallahi na yi magana har bakina ya bushe. Na ce jikin mai lafiya yana narkar da shi, na Rabi ne ya kasa. Na ce wannan ciwon a jini yake, ba a mara ba, ba zaƙin da ta sani ba ne. Ta ce sukari dai ai zaƙi ne, ko da Faransanci aka faɗe shi, kuma tun kafin a haifi uwata take maganinsa. Rabi tana zaune tsakaninmu, kai a sunkuye, tana murza gefen mayafi. Da za su fita ta waiwayo ta ce a hankali, "Zan dawo, Madam, in Allah ya so."

Shekarar ce kogin Shari ya cika ya shigo gari. Waɗanda suka gani ba sa son a tuna musu. Unguwanni suka koma tafki, mutane suka kwashe kaya zuwa makarantu, masu babur da muke ce wa kilando suka daina shiga wasu hanyoyi. Asibiti ya cika da zazzaɓi da gudawa, tsinkayen awon sukari suka yi wuya har muna ɓoye 'yan kaɗan don wanda ya fi matsuwa. Ranar da Rabi za ta dawo ta wuce, ba ta zo ba. Na aika wa Malam Idi ta bakin wata maƙwabciyarsu, ya aiko da gaisuwa da tsokar nama, ya ce maganar ciki ta mata ce, shi ba ya shiga tsakanin Rabi da Gwaggonta.

Ran wata Lahadi na ɗaure zane na tafi Farcha da kaina, rabin hanya a mota, rabi ina tattare zane a cikin ruwa. Gwaggo ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta shimfiɗa mini tabarma, ba ta riƙe ni da komai ba. Har ta ja ni madafa ta nuna mini gwangwanin sukari wayam, ta ce ta fitar da shi daga gidan gaba ɗaya, Malam Idi ma a waje yake shan shayinsa. Ga tukunyar saiwoyi tana tafasa. Rabi na zaune a inuwa, ƙafafu sun kumbura, ciki ya yi gaba, a gabanta ƙwarya ce cike da kunun gero, gefe ga burodi, ga sauran shinkafar rana.

Gwaggo ta ce da alfahari, "Kin gani? Ba ɗigon sukari a ciki. Tana jin yunwa in dama mata, ta sha ta ƙoshi, ɗa ya samu ƙarfi."

Na ce, "Gwaggo, ai geron nan da shinkafa da burodi, in sun shiga ciki sukari suke komawa. A rage su, a ƙara mata ganye da wake da nama, ga mijinta mahauci."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Gero sukari? Geron da aka yaye ki da shi? Haba Madam, boko ya yi miki yawa." Sannan ta dafa gwiwata ta ce, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ki bar mini 'yata, na rasa jika ɗaya, ba zan rasa na biyu ba."

Na soki yatsan Rabi da ɗaya daga cikin tsinkayen da na ɓoye, sukari yana sama. Na nuna wa Gwaggo, na ce yau ai ban ba ta komai ba. Ta ce saura ne na wanda na ɗura, bai gama fita ba, za ta ƙara ƙarfin magani. Da Rabi ta rako ni bakin ƙofa na riƙe ta na ce ko ba komai ranar haihuwa ta zo mana, kuma da ɗa ya faɗo a sa shi a nono nan take. Ta ce, "Madam, ita ce uwata, ita ce ubana. Da wane baki zan ce mata ba ta sani ba?" Na dawo gida zuciyata a jagule, don na san abin da ke tafe kuma ba ni da igiyar da zan ɗaure shi.

Naƙuda ta zo mata da hantsi, hanya kuwa ruwa. Gwaggo ta karɓa. Kai ya fito, kafaɗa ta maƙale, abin da yake kashe irin waɗannan 'ya'ya a hannun wanda bai iya ba. Tsohuwar nan ta san yadda ta yi ta fito da shi da rai. Namiji, jajir, kumatu kamar ɗan wata biyu. Aka rangaɗa guɗa, aka ce magani ya yi, zaƙi ya fita. Nonon farko kuwa, dakashi, aka ce a matse a zubar kamar yadda aka saba, aka riƙa ɗiga masa ruwan ɗumi kafin nono ya wanku. Yaro ya yi ta barci. Masu barka suna shiga suna fita suna cewa kai, wannan mai haƙuri ne, ko kuka ba ya yi.

Ku saurara da kyau a nan, don wannan ne ba a ganewa. Ɗan da ya zauna a cikin mai sukari ya saba da yawa. Uwa tana turo masa ta cibiya, jikinsa yana ƙonewa da ƙarfi, abin da ya rage ya zama ƙiba. Ranar da aka yanke cibiya, turowa ta tsaya, ƙonawa ba ta tsaya ba. Kamar murhu ne da aka saba cika shi da itace, aka janye itacen iska na ci gaba da hurawa. Sai sukarin jininsa ya faɗi ƙasa warwas. Barcin nan da ake yabo ba haƙuri ba ne. Irin wannan ɗa nono yake so tun a sa'ar farko, a kai a kai, a kuma riƙa duba jininsa.

Washegari da azahar suka iso, Malam Idi jiƙe har ƙugu, Rabi tana tafe da ƙyar, Gwaggo rungume da yaro. Tun safe hannuwansa ke karkarwa, daga baya ya fara sandarewa. Na buɗe zanen na ga jikinsa ya saki, leɓe ya yi shuɗi. Na soki diddige, mashin ya kasa ma nuna lamba don ƙanƙantar abin da ya samu. Na ƙwala wa likita kira, na fisgo ruwan sukari na allura, na dangwala zan shafa masa a dasashi kafin a samu jijiya. Sai na ji an riƙe mini wuyan hannu.

Gwaggo ce, idonta jawur. "Shi ma za ki ɗura masa?"

Kafin in buɗe baki Rabi ta yi magana, da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba. "Gwaggo, sake ta."

Ta sake ni. Muka samu jijiya, muka ɗaura ruwa, sukari ya hau, sandarewar ta lafa. Har na fara sa rai. Amma ya daɗe a haka kafin a kawo shi, ƙwaƙwalwar jariri kuwa ba ta jure wannan yunwa. Numfashinsa ya yi ta yankewa yana dawowa. Kwana ɗaya ya ƙara, ya koma da la'asar, ba a kai ga suna ba. Rabi ba ta yi kururuwa ba. Ta ce in ba ta ƙahona na katako, na ba ta, ta ɗora a ƙirjinsa ta kara kunne ta daɗe, sannan ta miƙo mini ta ce na gode. Na shiga ɗakin canza kaya na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata.

Da ruwa ya janye na je gaisuwa. Rabi na ɗaka, na duba ta, sukarinta ya sauka kamar ba a yi ba. Gwaggo na tsakar gida ita kaɗai, ta rame, bakin nan mai zuba ya mutu. Ta hura gawayi ta ɗora buta ba ta dube ni ba. Can ta ce, "Madam, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Uwa kun ce ya yi mata yawa. Ɗa kun ce babu. Wanne ne?"

Na sake yi mata bayanin murhu da itace, sannu a hankali. Wannan karon ba ta katse ni ba. Da na gama ta gyara butar a kan wuta.

Ta ce, "Akwai ranar da mai dabino ya wuce ta ƙofar nan. Yarinyar nan ta roƙe ni ƙwaya ɗaya, ɗaya tak, har da hawaye. Na hana ta. Na dama mata kunu ƙwarya guda na ce ta sha wannan ya fi mata." Ta share ido da bakin zane. "Ni ma tun ranar da na hana ta ban sa sukari a bakina ba, don kada ta gani ranta ya biya."

Rabi ba ta sake samun ciki ba, har yau tana Farcha, takan zo in duba mata jini shekara-shekara, mu gaisa, ba ma tayar da zancen. Tun daga kanta, in mai ciki ta zo da tsohuwa, tsohuwar nake fara kira ciki in zaunar a kujera. In tambaye ta abin da ta sani game da zaƙi, in bar ta ta gama, sannan in ce wannan wani ne daban, suna ne kawai ya haɗa su. Ba na dama kofi sai ta gyaɗa kai, in ta yarda ma ita nake ba ta miƙa da hannunta. In kun zauna a ɗakin nan gobe, ku leƙa ƙarƙashin maina tukuna ku ga wa ke jira.

Ranar gaisuwar nan dai Gwaggo ta tsiyaya shayi a ɗan kofi ta miƙo mini. Na kurɓa, ɗaci kamar maɗaci. Ta ga fuskata ta ce, "Yi haƙuri, 'yata. Idi ya sayo sukari, yana nan a gwangwani. Hannuna ne ya ƙi buɗewa."

Na shanye shi haka nan.